Yaron Iya Bai Yi Zazzaɓi Ba

Tun ina yarinya zazzaɓi nake tsoro. Shi ne ya ɗauke ƙanena da nake goyo, wata damina a garinmu can wajen Jahun. Da safe yana wasa da ƙasa, da yamma na ji zafin jikinsa yana ratsa zanina har bayana, kafin a kai ga mai magani ya tafi. Bayan an share makoki Innata ta ce min, "Ciwon yaro a goshi yake. In kin taɓa kin ji sanyi, ki gode wa Allah ki koma kan aikinki." Da wannan magana aka kai ni ɗakin miji.

Ƙauyen da aka kai ni yana kusa da Auyo, a bakin fadama. In damina ta yi nisa ruwa yakan yanke hanya, sai da kwalekwale ake fita, sauro kuwa tun kafin magariba yake fara kuka a kunne. Ranar da na gane ina da ciki, ban yi tunanin naƙuda ba. Tunanina yadda zan raini jariri a cikin wannan sauro.

Na haifi namiji. Da na yaye shi, uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Iya, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Haka ake yi, ban kuma ga aibin hakan ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗora shi a cinya gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Mu da asalinmu na Fulani ne abin ya fi ƙarfi a wajenmu, har yau ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakin Innata ba. Ni "yaron Iya" nake ce masa. Shi kuma Adda yake ce min, don ya ji haka ƙanwata take kirana. Iya ce ke ba shi abinci, ita ke yi masa wanka, a bayanta yake barci. Ni na samu ƙanwarsa na goya.

Amma na yi wa kaina dabara. Sana'ata turara shinkafa, kullum ina bakin tukunya a tsakar gida, ƙaiƙayi ko'ina. In ya zo wucewa da gudu sai in ce, "Kai, tsaya, ƙaiƙayi a kanka." In kaɗe masa kai, bayan hannuna ya sauka a goshinsa. In na ji sanyi sai in sake shi.

Wata rana ya ɗago ya dube ni ya ce, "Adda, ke kaɗai kike ganin ƙaiƙayin nan. Iya ba ta taɓa gani ba."

Na ce, "Idon Iya ya tsufa. Wuce."

Iya tana jin mu daga bakin ƙofarta. Ta ce, "Maigida, zo nan. Tun safe ka fita, ina cefane? Ko kan tarwaɗa ba ka shigo da shi ba."

Ya ce, "Ai na sake ki. Ba ki da haƙori."

"To sake ni, mu ga mai jefa maka ɗanwake."

"Zan auri mai awara."

"Mai awara ba ta auren mai yoyon majina."

Haka suke yini. Ni ina juya shinkafa ina danne dariya, don ko dariyar ma ba a so a ga uwa ta cika yi wa ɗan fari.

Daminar da ya kusa isa shiga makarantar allo, ruwa ya zo har bayan gidaje ya zauna. Yaran unguwa suka koma 'yan ruwa, shi ma yana cikinsu. Wata safiya na je zubar da toka a bayan ɗaki, na tarar ya gama fitsari ya tashi, yashin wurin ya yi ja-ja kamar an zubar da ruwan zoɓo. Na yini abin yana cina. Da babansa ya dawo daga gona na kai masa ruwa, na faɗa masa a hankali.

Ya yi dariya. "Tsargiya ce. Wane ɗa namiji ne ya tashi a bakin ruwan nan bai yi fitsarin jini ba? Na yi, babana ma ya yi. Jikinsa da zafi?"

Na ce a'a.

"To kin gani."

Duk da haka bai yi sakaci ba. Ranar kasuwa ya shiga kwalekwale ya sayo ƙwayoyin tsargiya a kemis. Yaron ya sha, fitsari ya washe. Bayan wani lokaci jan ya dawo, ya sake ɗaukewa.

Sai na fara lura da wandonsa. Ɗan wando ne mai roba, da a ƙugu yake zama, yanzu sai ya zame ƙasan ciki. Rigar sallarsa ta matse shi a tsakiya, hannuwan kuwa suna yi masa yawa. In yana gudu yakan ɗan karkata gefe guda. Yakan bar rabin ɗanwakensa, abin da bai taɓa yi ba. Ban iya tunkarar Iya da maganar kai tsaye ba, sai na ce da ita ina tankaɗe, kamar maganar ba ta dame ni ba, "Iya, yaron nan naki kamar ya yi tumbi."

Ta ce, "Na gani. Saifa ce. Duk ɗan bakin ruwa sai ta taɓa shi. Ubansa ma sai da aka yi masa tsaga."

Aka kira wanzami. Ya zo da hantsi ya shimfiɗa kayansa a zaure, ya yi masa 'yan tsaga a gefen ciki ya shafa magani. Ina ɗaki ina jin kukansa, yana kiran Iya. Na ɗauki tsintsiya na share ɗakin da na riga na share. Da suka shigo na tare shi da ƙaiƙayina. Goshin nan sanyi kamar gefen randa. Na ce a raina, to, alhamdu lillahi.

Kullum haka. In zuciyata ta tashi, in taɓa, in ji sanyi, ta kwanta. Yaran maƙwabta suna ta kwanciya da zazzaɓi a wannan damina, ƙanwarsa ma sai da ta yi nata, shi kaɗai bai yi ba. Har alfahari Iya take yi, tana cewa maigidanta ƙarfe ne, sauro ma tsoronsa yake ji.

Ruwa bai gama janyewa ba aka yi wa Iya rasuwa a Kaugama, ta tafi ta'aziyya za ta kwana biyu. Ba ta tafi da shi ba saboda hanya. Da yamma ya dawo daga wasa duk jikinsa taɓo, gida ba kowa sai ni da goyona. Na ɗebo ruwa a bokiti na ce ya tuɓe.

Ya tsaya yana kallona. "Ke za ki yi min?"

"Iya ba ta nan."

"Kin iya?"

Rabona da yi masa wanka tun yana shan nono. Na fara daga kai, na sauko wuya, na wanke hammata yana ta zillewa yana dariya. Da na zo ciki na ajiye soson, na shafa sabulu da tafin hannu. A gefen dama ciki ne irin na yara, hannu yana nutsewa. A gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, hannuna ya ci karo da wani abu. Mai tauri ne, mai santsi, kamar ɗanyar gwanda aka ɓoye a ƙarƙashin fata. Na danna bai motsa ba. Na bi shi da yatsu har ya zagaya wajen baya.

Na ce, "Da zafi?"

Ya ce, "Cakulkuli kike min."

Na sa bayan hannu a goshinsa, ga ruwa ga kumfa. Sanyi. A karon farko sanyin bai kwantar min da hankali ba. Na san saifa, na taɓa ta a cikin ƙanwata muna yara, ba haka take ba.

Da babansa ya shigo ban jira ya ci abinci ba. Na kamo hannunsa na ɗora a wurin. Bai yi dariya ba wannan karon. Washegari muka shiga kwalekwale, muka ratsa ta cikin kacalla, doguwar ciyawar fadama, inda ta kusa toshe hanyar ruwa, mai tuƙi yana ture ta da gora. Yaron yana zaune a gaba yana nuna tsuntsaye. Daga inda ruwa ya ƙare muka hau babur zuwa Haɗeja. A asibiti aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Mai hoton ya daɗe yana kallo, ya kira wani, shi ma ya daɗe. Suka ce mu wuce Kano, kada mu tsaya.

Iya ta dawo ta tarar da maganar. Ba ta yi min faɗan na kai shi ba da saninta ba. Ta ɗaure kayanta ta ce da ita za a je.

A Kano aka ɗebi jini, aka yi hotuna iri-iri. Ranar da za a faɗa mana sakamako wata likita ta shigar da mu ɗan ɗakinta, mace ce mai sanyin murya. Ta dube ni ta dubi Iya ta ce, "Wace ce mahaifiyarsa?"

Na sunkuyar da kai. Iya ta ce, "Ga ta nan. Ɗan fari ne, kunya take ji."

Likitar ta ce ciwon daji ne a ƙodarsa ta hagu, kuma ya riga ya aika 'ya'yansa zuwa huhu. Babansa ya yi salati. Iya ta riƙe bakin zaninta. Ni kuwa, wadda ba ta magana gaban suruka, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Likita, amma bai yi zazzaɓi ba. Kullum ina taɓawa. Ko sau ɗaya."

Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Ban yi nisa a boko ba, ta kuwa gane, don a hankali ta bi da ni. Ta ce, "Zazzaɓin da kike nema ƙarar faɗa ce. A cikin jinin kowa akwai masu gadi. In baƙo ya shigo, kamar cutar da sauro ke kawowa, sai su tashi su far masa, jiki ya ɗau zafi. Wannan ba baƙo ba ne, naman jikinsa ne. Kowane ɗan mitsitsin yanki na jiki, wanda ido ba ya gani, yana ɗauke da umarni a cikinsa, yaushe zai girma, yaushe zai tsaya. A wani wuri cikin ƙodarsa umarnin ya gurɓace, sai ya yi ta hayayyafa ba tsayawa."

Babansa ya ce, "Su masu gadin barci suke yi?"

Ta ce, "Ba barci suke ba. Sau da yawa suna gane wanda ya lalace su kawar da shi, mu ba mu ma sani ba. Amma akwai gurɓacewar da take yin aiki biyu. Ita ke sa shi girma, ita kuma ke taimaka masa ya ɓuya. Wani ya rufe alamar da za a gane shi da ita. Wani ya riƙa fitar da abin da ke kashe wa masu gadin jiki, su zo bakin wurin su tsaya. Wasunsu ma yakan juyar da su su koma yi masa hidima. Wani yaron yakan yi ɗan zazzaɓi, amma da yawa shiru za ki ji, abin yana ta girma."

Babansa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Irin ciyawar nan."

Na san wadda yake nufi. Akwai ciyawar da ke tsirowa tare da shinkafa, ganyenta ɗaya da nata. Mai cirar ciyawa ya zo ya wuce ta, mai zuba taki ya zuba mata, a ba ta ruwa tare da sauran. Ba a gane ta sai ta fitar da kai, a lokacin ta riga ta sha abin da za ta sha.

Iya ta matso. "'Yata, ko tsagar da na sa aka yi masa ce?"

"Ba ita ba ce, Iya. Ba ruwa ba ne, ba abinci ba ne, ba kuma hannun wani ba ne. Ba wanda ya jawo."

Na ce, "Da mun zo tun farkon damina fa?"

Ta ce irin wannan, in an same shi yana cikin ƙoda bai fita ba, yara da yawa suna warkewa, kuma ko yanzu za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Ta ce ba a goshi ake kama shi ba, a ciki ake jin sa. Yawancin waɗanda ake kawo mata, uwa ce ta ji shi a hannunta wajen wanka.

Ba wanda ya dubi wani a cikinmu.

Aka fara ba shi magani ta jijiya. Mukan zo, mu koma, mu sake zuwa, shanun huɗar babansa suka tafi a hanyar nan. Maganin yana sa shi amai, bakinsa ya yi gyambo, gashinsa ya zube a kan matashi. Iya ta shafa kan ta ce, "Maigida ya yi aski bai biya wanzami ba."

Ya ce, da 'yar muryarsa, "Ke ma ba ki da gashi. Ɗankwali ne ya rufa miki asiri."

Matan da ke jinya a gadajen kusa suka yi ta dariya. Iya ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba.

A wannan zaman ne zazzaɓin ya zo. Na kai hannu da azahar na ji goshin kamar garwashi. Abin mamaki, sai na ji wani daɗi-daɗi, na ce da ma'aikaciyar jinya ko masu gadin ne suka farka. Ta girgiza kai. Ta ce maganin da ke kashe ciwon yana kashe masu gadin ma, wata cuta ce daban ta samu ƙofa a buɗe. Yana ta rawar sanyi, ni ina tsaye a ƙarshen gado kamar 'yar dubiya, Iya tana riƙe da shi. Sai ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Hau gadon nan ki rungume ɗanki. Kunya ta mai lafiya ce."

Na hau. Bai fi nauyin ƙanwarsa ba. Ya sa kansa a ƙirjina kamar dama can wurinsa ne.

Ya tsallake wannan zazzaɓin. Ƙullun ya ragu, aka yi masa aiki aka cire ƙodar. Muka dawo gida lokacin da shinkafar rani ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suna tasowa daga cikin kacalla kamar hayaƙi. Babansa yakan saɓa shi a kafaɗa zuwa gona, ya miƙa masa igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, ya ja su yi ƙara tsuntsaye su watse. Ya fara cin ɗanwake. Gashi ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri. A ɗakina yake kwana yanzu, Iya da kanta ta kawo min tabarmarsa. Na fara tunanin allon da za a saya masa.

Sai tari ya zo. Busasshe, ba majina, ba zafin jiki. Muka koma Kano. Likitar ta duba hoton ta ce na huhun sun dawo, kuma waɗanda suka tsira daga maganin farko su ne waɗanda maganin ba ya yi musu komai. An gwada wani, bai riƙe ba. Daga baya ta ba mu na rage ciwo, ta ce gida zai fi masa daɗi. Ta raka mu har bakin ƙofa.

Ranar da zai tafi, da hantsi ne. Yana kwance a cinyata a inuwar ɗaki, Iya tana gefe tana yi masa fifita, babansa yana karanta abin da ya sawwaƙa. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya buɗe ido ya ce, "Adda, duba min ƙaiƙayi."

Na kaɗe masa kai. Na bar hannuna a goshin, wannan karon da tafin. Sanyi.

Sai na kira sunansa. Bakina bai saba ba, ya fito wani iri. Na sake kira.

Ya juya ido wajen kakarsa ya ce, "Iya, ashe Adda ta san sunana."

Bai ƙara magana ba. Kafin azahar an kai shi.

Masu ta'aziyya wajen Iya suka yi ta zuwa, ita ake yi wa gaisuwa, haka al'ada take. Ni ina kai ruwa ina kwashe kwanuka. Wata tsohuwa ta yaba min, ta ce yarinyar nan akwai kunya, ko hawaye ba ta yi ba. A bayan ɗaki nake yin nawa, wurin da na fara ganin jan yashin nan.

Iya ba ta sake jefa ɗanwake ba. Ba na jin haushinta, ta so shi fiye da ranta, abin da ta gada ta yi. Ni ma abin da Innata ta koya min na yi, kuma gaskiya ta faɗa min, zazzaɓi yana kisa, har gobe ina tsoronsa. Ban dai san akwai wanda ke zuwa da sanyin goshi ba. Yanzu in zan yi wa ƙanwarsa wanka, Iya takan jawo kujera ta zauna kusa. In na ajiye soso na sa tafin hannu a cikin yarinyar, dama da hagu, ita tana dariya tana zillewa, Iya ba ta cewa komai sai na ɗago na ce ba komai. Sannan ta tashi.

Abin da nake roƙo ga wanda ya karanta wannan kaɗan ne. In akwai ƙaramin yaro a gidanku, ko na fari ne, ko a hannun kaka yake, a samu mai ajiye soso ya shafa cikinsa da hannu lokaci-lokaci. In an ji tauri, ko an ga jini a fitsari ya tafi ya dawo, a kai shi asibiti a ɗauki hoto, kada a jira zazzaɓi. In kuma kun idar da salla, ku sa yaron Iya a addu'a, da ita Iyar.